Samanja da Hausar Bariki: Nazari daga Tashar Nyanya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Nyanya da yamma, lokacin da ma'aikata ke kwararowa daga cikin Abuja zuwa Mararaba da Masaka, ya san irin Hausar da ake yi a wurin. Kwandasta Bayarabe ne, mai sayar da doya 'yar Tibi ce, ɗan acaɓa Bakatsine, mai unguwa Bagwari, kuma Hausa da Turancin broka ne ke haɗa su. Za ka ji an ce "matata ya tafi kasuwa", babu wanda zai ɗaga kai. Na daɗe ina ganin cewa ba a littafi aka fara adana wannan Hausar ba. A bakin wani ɗan wasan kwaikwayo aka adana ta, wato Usman Baba Pategi, wanda duniya ta fi sani da Samanja Mazan Fama.

Banufe ne, an haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara ta yanzu. Ya zo Kaduna neman abinci, ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Arewa da aka kafa a 1962, ya kuma shiga soja a zamanin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da ya koma gaban makirufo, abin da ya gani a bariki ya zama jarinsa. Cikin shekarun 1970 wasan Samanja ya karɓu a talabijin na Kaduna, daga baya aka kai shi ga ƙasa baki ɗaya, broka ta ƙara yawa a cikinsa.

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun fi ɓata tawada kan jarumai, waɗanda ake buga fosta da fuskarsu. Ɗan wasan da ya riƙe hali guda, shi ne kullum maigadi ko boka ko muguwar kishiya, akan ɗauke shi ɗan rakiya. Wannan kuskure ne a ma'auni. Jarumi yana magana da Hausar da marubuci ya wanke ya goge, domin dole kowa ya so shi. Mai riƙe hali kuwa, aikinsa ya ɗauko mutumin da muka sani a unguwa, da tafiyarsa da karin harshensa da kurakuransa, ya ajiye mana shi a gaba. Saboda haka shi ne ma'ajin yadda mutane suka yi magana a wani zamani.

Barikancin Samanja yana da tushe. Tun da Turawa suka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ta zama harshen hulɗa tsakanin kurata 'yan ƙabilu daban-daban. Daga nan muka sami saje da kofur da kurtu da fareti da gadurum, har da kalmar samanja kanta. Hausa ce da ta zubar da bambancin namiji da mace, ta gajarta jimla, ta zama ta ba da oda. Pategi bai ƙirƙire ta ba, amma ya san inda zai karya ta. Ga shi ya murtuke fuska, ƙirji a waje, ya daka wa ƙaramin soja tsawa. Minti biyu bayan nan ya shiga gida, maganar kuɗin cefane ta taso, murya ta yi ƙasa. Wannan saukowar ita ce gwanintar. A shekarun da soja ke mulki, farar hula na tsoron kaki, shi ya nuna wa talaka cewa cikin kakin nan akwai magidanci mai bashi a kanti.

Akwai masu sukar cewa irin wannan wasa dariya ce ake yi wa wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, kuma finafinan barkwanci da yawa na baya-bayan nan sun faɗa wannan ramin, inda ake ɗauko Bagwari ko Bafulatani don a mayar da shi wawa kawai. Sai dai Samanja shi ne mai iko a cikin wasansa. Shi ke hukunci, shi ke sulhu, da wannan karyayyiyar Hausar. Na taɓa zama a teburin mai shayi a Nyanya kusa da wani tsohon soja ɗan Binuwai. Da aka ambaci Samanja sai ya ajiye kofi, ya miƙe, ya ƙame, ya sara, idonsa ya ciko. Bai ji an ci zarafinsa ba, ya ji an san da shi.

Farashin riƙe hali guda yana da tsada. Halin yakan haɗiye mai shi, har sunan yanka ya ɓace: Ibro ya rufe Rabilu Musa, Daso ta rufe Saratu Gidado, Karkuzu ya rufe Abdullahi Shu'aibu. Furodusa ba ya kiransa sai in irin halin ya taso, kuma ladan na rana ne. Hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima a 2022, inda ta koka kan 'yan dubban nairorin da ake sallamarta da su bayan shekaru aru-aru tana wasa, ta tayar da ƙura a Kannywood, aka yi ta cacar baki, ƙurar ta lafa ba tare da an samar wa tsofaffin 'yan wasa tsayayyen tsari ba.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar kaset-kaset na waɗannan wasanni. Samanja ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, abokin sana'arsa Kasimu Yero ya riga shi tun 2017. Ɗalibin da ke son nazarin barikanci a yau, 'yan guntayen da masu sha'awa suka ɗora a YouTube ne mafi kusa da hannunsa, hoto dishi-dishi, sauti na shaƙewa. Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su haɗa kai da NTA da Rediyon Tarayya na Kaduna, a kwafe abin da ya rage a na'ura, a rubuta maganganun kalma-kalma. Sannan a aiko ɗalibai da rakoda tashar Nyanya, a kwatanta Hausar 1975 da ta kwandastan yau.