Maɓallin da ya kai murya gida daga Tchibarakaten

A shekarar 2014 aka gano zinariya a Jado, sannan a Tchibarakaten, can arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya. Samari suka yi ta kwarara daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, har da Cadi da Sudan. Da yawansu ba su yi boko ba, amma kowa ya baro iyali, kuma dole gida a ji lafiyarsa.

Waɗanda suka fara gina yanar gizo ba irin waɗannan samari suka yi wa ita ba. Tim Berners-Lee ya tsara ta a 1989 a cibiyar CERN domin masana su riƙa musayar takardu. A 1993 manhajar Mosaic ta haɗa hoto da rubutu a shafi guda, sai dai wanda bai san baƙi ba yana waje har yanzu. Wanda ma ya sani, in da Hausa zai rubuta, ya nemi ƙ da ɗ da ɓ a allon rubutu ya rasa, ƙafa ta koma kafa. Tifinagh na Abzinawa kuwa sai 2005 ya shiga tsarin Unicode.

Abin da ya buɗe ƙofar ƙarami ne. A 2013 WhatsApp ya sa hoton makirfo a gefen wurin rubutu: danna, riƙe, yi magana, saki. Babu ruwansa da Faransanci ko Turanci. Mai haƙa ya fito daga rami, in ya dace da sabis, sai uwarsa ta ji muryarsa, da gajiyar da ke cikinta, abin da wasiƙa ba ta taɓa kawowa ba. A ganina wanda ya zana maɓallin nan ya cancanci jinjina.

Sai dai mu malamai da iyaye mun san ɗayan gefen. Kibiyar tura saƙo ita ma dannawa ɗaya ce. Muryar wani da ba a san ko wane ne ba, yana cewa an fasa arziki a wuri kaza, ta isa ta ɗaga yaro daga aji. Kamfanin ya ga matsalar jita-jita: a 2018 ya sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. Amma alamar nan kalma ce a rubuce, da ƙananan baƙaƙe, wato an yi gargaɗin ne ga mai iya karatu, alhali maɓallin an yi shi ne domin wanda bai iya ba.