Tarihin Mizanin Elo na Auna Gwanintar 'Yan Wasa

Mizanin Elo ƙa'ida ce ta hisabi da ake auna ƙarfin 'yan wasa da ita, wadda ta samo asali a fagen shaɗaranji, darar nan mai sarakuna da dawakai, kafin ta yaɗu zuwa sauran wasannin gasa.

Da yake gwanayen shaɗaranji suna warwatse a ƙasashe, galibinsu ba su taɓa zama gaba da gaba ba, jayayya a kan wanda ya fi wani ba ta ƙarewa. A 1948 Anton Hoesslinger ya fito da tsarin Ingo a Jamus, sa'an nan a 1950 hukumar shaɗaranji ta Amurka ta karɓi na Kenneth Harkness, wanda, ko da yake ya biya bukata na ɗan zamani, yana da illar da mai rauni zai iya shan kaye a dukan wasanninsa na gasa, amma makinsa ya ƙaru.

Wanda ya gyara wannan al'amari shi ne Arpad Elo, haifaffen Hangare a 1903, malamin kimiyyar fizis a Jami'ar Marquette ta Milwaukee, wanda shi kansa gwani ne da ya zama zakaran jihar Wisconsin sau takwas. Hujjarsa ita ce, tun da ɗan Adam yau ya yi ƙwazo gobe ya gaza, ba a yi masa hukunci da wasa guda, sai dai a ƙaddara abin da ake tsammani daga gare shi, sa'an nan a gwada da abin da ya auku. Wanda ya ɗara abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kimanin kashi 76 cikin ɗari na sakamako; saboda haka idan ya ci, abin da za a ƙara masa kaɗan ne, in kuwa na ƙasa ya kayar da shi, sai a yanke masa rabo mai tsoka a ba wancan. Amurka ta karɓi mizanin a 1960, hukumar duniya ta FIDE ta bi sahu a 1970, kuma maki mafi yawa da aka taɓa samu a jadawalinta shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan Norwe, a 2014.

Daga bisani masana suka lura cewa mizanin ba ya bayyana gwargwadon yaƙinin da ake da shi a kan makin mutum. Mark Glickman ya cike wannan giɓi a 1995 da tsarin Glicko, wanda ke ƙara shakka a kan makin wanda ya daɗe bai buga ba, Microsoft kuma ta fito da TrueSkill domin wasannin kwamfuta na ƙungiya-ƙungiya. A 2018 FIFA ta ɗora jadawalinta na ƙasashe a ƙwallon ƙafa na maza bisa usulin Elo, shekara 26 bayan rasuwar Arpad Elo a 1992.