Mafarin Waƙa a Ƙasar Kazaure: Daga Iskoki Zuwa Ilhama

Tun zamanin da, in makaɗi ya tsaya a ƙofar fada ko a dandali yana jero baitoci nan take ba tare da tuntuɓen harshe ba, mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa ba su cewa wayonsa ne, sai dai su ce ba shi kaɗai ba ne. Kuma wannan magana, ko da yake lafazinta bai sake ba, manufarta ta yi ta sauyawa gwargwadon yadda addini da mulki suka sauya a ƙasar.

A zamanin maguzanci, lokacin da ake ɗaukar duwatsu da kukoki da tsamiyoyi a matsayin mazaunin iskoki, babu mai shakkar inda kiɗa ya fito, domin a wajen 'yan bori kowane iska yana da takensa, Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, Inna da nata, kuma ba ya hawa dokinsa sai mai garaya ko mai goge ya kaɗa masa shi daidai. Saboda haka taken na iska ne, makaɗi kuwa ajiya aka ba shi, ya gada daga ubansa, ya bar wa ɗansa. Ba Hausawa kaɗai ne suka yi wannan zato ba, gama Larabawan Jahiliyya sun ƙudurta cewa kowane sha'iri yana da shaiɗanin da ke yi masa shifta, har suna ambaton kwarin Abƙar a matsayin matattarar aljannu, Yunanawa kuma suna da alloli mata tara waɗanda mawaƙi yake roƙo kafin ya fara.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, da kafuwar masarautar Kazaure a hannun Ɗantunku wajen 1819, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai malamai suka zo da wata fahimta, wadda ba ta haramta waƙa ba, tun da Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u duk sun yi wa'azi da ita, amma ta raba ta da iskoki ta mayar da ita ga Mahalicci. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Hassanu ɗan Sabitu addu'ar a ƙarfafa shi da Ruhul Ƙudusi, ga kuma labarin Busiri, wanda ya tsara Burda yana fama da shanyewar jiki, ya yi mafarki da Ma'aiki, ya wayi gari ya warke. Wannan ne dalilin da ya sa marubucin waƙa na Hausa yake buɗewa da sunan Allah da salati da roƙon basira, yana kiran abin da ya samu ilhama ko baiwa, alhali ya shafe shekaru a zaure yana koyon aruli da ƙafiya.

A ƙarni na 20, sa'ad da rediyo ya kawo muryoyin manyan fasihai kasuwanninmu, an ga ra'ayoyin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya tsara Imfiraji, aka ce buɗi ne daga Allah. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya riƙa ƙirƙirar waƙa a tsaye gaban jama'a, wasu suka ce aljannu ne. Amma Musa Ɗanƙwairo kowa ya san ya daɗe yana amshi a bayan wansa Kurna kafin sunansa ya fito.

Abin da tarihin nan yake nunawa shi ne, magabata ba su taɓa barin mawaƙi ya ce fasaharsa mallakarsa ce ba. Ya kamata matasanmu masu shiga ɗakunan ɗaukar waƙa a yau su riƙe wannan: baiwa amana ce, sai an yi mata hidima da ilmi, kuma za a tambayi mai ita abin da ya faɗa da ita.