Daga Kalaba zuwa Wusasa: Ƙwallon Ƙafa da Makarantun Farko

Masu nazarin tarihin ilmin zamani a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga abin da aka koyar cikin aji, suka bar filin wasa kamar ba shi da abin faɗa. A ganinmu wannan sakaci ne, domin a Zazzau filin ƙwallo na cikin wuraren da makarantar gwamnati da ta mishan suka haɗu, bayan da Turawan mulki suka daɗe suna raba su.

Wasan farko da tarihi ya adana a Nijeriya na ’yan makaranta ne. A shekarar 1904 ɗaliban Hope Waddell ta Kalaba, wadda mishan na Sikotlan suka kafa a 1895, suka kara da ma’aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle, suka ci su uku da biyu. A lokacin Sakkwato ba ta kai shekara biyu da faɗawa hannun Turawa ba.

A Arewa kuwa al’amarin ya ɗauki wani salo. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, an gina ta ne don horar da malamai Musulmi, bisa tsarin makarantun ’ya’yan manya na Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin tarbiyya. Amma wasannin da suka yi daraja a can su ne kurket da ƙwallon bango, wato wanda ake bugawa da tafin hannu. Ahmadu Bello, wanda ya gama a 1931, gwanin ƙwallon bango ne, bai kuma rabu da shi ba har ya zama Firimiya.

Su kuwa mishan hanyarsu daban. Likita Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Zaman bai yi wa sarakuna daɗi ba, bai kuma yi wa Razdan ba, har dai a 1929 aka fitar da mishan bayan ganuwa, zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Yaran Wusasa Hausa suke yi, boko suke karantawa, amma ƙofar Katsina a rufe take gare su.

Ƙaura ce ta kawo haɗuwar. An ɗauke kwalejin zuwa Kaduna a 1938, sa’an nan Zariya a 1949, ita ce aka raɗa wa suna Barewa a 1971. Cikin waɗanda suka shige ta a farkon shekarun 1950 har da Yakubu Gowon, ɗan mai wa’azin Kirista, wanda ya tashi a Wusasa, ya yi makarantar St. Bartholomew. Shi ya zama mai tsaron gidan kwalejin. Wato ke nan ’ya’yan sarakuna da na malamai suna gaba, ɗan mishan na bayansu yana tsare musu raga, abin da tsarin 1922 bai tanada ba. A wannan tsakanin ne ma, a 1953, Kano ta ciwo kofin ƙasa, wanda aka fara da sunan Kofin Gwamna a 1945.

Harshe ma shaida ne. Kurket bai bar wa Hausa kome ba sai sunansa. Ƙwallon ƙafa kuwa ya ari tsohuwar kalma, wato ƙwallo irin na goruba ko na mangwaro, ya kuma sami tamaula. Aka ɗauko alƙali daga kotu aka ba shi usur, aka mai da raga gida, har aka ƙirƙiri “bugun daga kai sai mai tsaron gida”, jimlar da ta fi kalmar Ingilishin bayyana halin da mai bugun yake ciki.