Sharifan Kano: Zuriyar Shehu Magili

Sharifan Kano zuriya ce da ke danganta asalinta ga Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, malamin nan haifaffen Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman Sa'alabi, sannan ya zauna a Tuwat, zangon ayarin da ke ƙetara Sahara. Rikicin da ya tashi a can kan matsayin Yahudawan yankin shi ya sa ya yiwo kudu, ya bi ta Azbin, ya iso Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Shi ne ya rubuta wa Rumfa littafin Tajuddini kan abin da ya wajaba ga sarakuna.

Shehun bai daɗe a Kano ba. Ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, inda labarin kisan wani ɗansa a Tuwat ya riske shi, ya koma Tuwat, ya rasu a can wajen 1504. Amma ya bar baya a Kano. Tsohon littafin tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce shugaban Sharifan da suka zo Kano, wanda ake ɗauka Shehun ne, ya bar Sidi Fari a madadinsa. Mutanen gidan suna cewa Sidi Fari shi ne Isa ɗan Shehun, kuma mahaifinsa ya bar masa Alƙur'ani da tasbaha da takobi.

A nan ne tarihin gidan ya bambanta da na sauran baƙin da suka zauna a birnin. Laƙabin mutum ɗaya ya zama sarauta: duk wanda ya gaji shugabancin gidan, Sarkin Sharifai, ana kiransa Sidi Fari. Wannan ne ya riƙe salsalar fiye da shekara 500, domin kowane magaji dole ya san wanda ya gada. Unguwar da suka zauna kusa da Kasuwar Kurmi har yau sunansu take amsawa, Sharifai.

Masana tarihi sun lura cewa Magila, ƙabilar da Shehun ya fito daga cikinta, ta Barbar ce, wasu kuwa na ganin kalmar sharifi a Kano ta dā ta haɗa da manyan baƙin Arewacin Afirka. Zuriyar dai tana riƙe da nasabarta zuwa gidan Annabi (SAW), kuma a kan haka Kanawa da fadar Kano suke girmama ta.