Yadda Ilimin Halayyar Ɗan Adam Ya Samu Gurbi a Jami'a

Ɗalibin da ya shiga jami'a karatun ilimin halayyar ɗan Adam da zaton za a koya masa karanta zukatan mutane yakan sha mamaki tun a zangon farko, domin ƙididdiga da tsarin gwaji ne ke tarbarsa. Idan da wanda za a ɗora wa laifi, to wani Bajamushe ne, Wilhelm Wundt.

Kafin zamaninsa, a jami'o'in Turai maganar tunani da hankali aikin malaman falsafa ce, a zauna a yi ta muhawara. Shi kuwa Wundt likitanci ya karanta, ya kuma yi wa Hermann von Helmholtz mataimaki a Heidelberg. Da aka ba shi kujerar falsafa a Jami'ar Leipzig, sai ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a 1879. Abin da ake yi a ciki ba zai burge mai neman asirin zuciya ba. A buga ƙararrawa, mutum ya danna maɓalli da zarar ya ji, wani agogo na musamman ya auna tazarar da ke tsakani har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙaramin aiki ne a ido, amma da shi fannin ya fara yaye kansa daga falsafa, tunda yanzu yana da abin aunawa.

Amurkawa ne suka kai shi kasuwa. G. Stanley Hall, wanda ya zauna a Leipzig, ya kafa irin wannan ɗaki a Jami'ar Johns Hopkins a 1883, ya kuma zama shugaban farko na ƙungiyar masana fannin ta Amurka a 1892. An yi sa'a lokacin jami'o'in ƙasar na sakar wa ɗalibai mara su zaɓi darussan da suke so, tsarin da Charles Eliot ya yaɗa daga Harvard. Sabon fanni ya samu masu saye.

Yaƙi ya ƙarasa aikin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Yerkes da abokan aikinsa sun yi wa sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi gwajin basira, gwajin da daga baya ya sha suka saboda yana fifita waɗanda suka taso cikin Turanci da al'adar Amurka. Bayan na Biyu, tsofaffin sojoji suka cika jami'o'i a kuɗin gwamnati, wasunsu kuma suka cika asibitoci da firgicin fagen daga. Taron da aka yi a Boulder a 1949 ya tsayar da cewa mai duba marasa lafiya sai ya kai matakin digirin digirgir, ya haɗa bincike da aikin asibiti. Wannan ne ya bar digiri na farko a matsayin harsashi kawai, abin da iyaye da yawa ba sa ganewa sai yaro ya gama.

Jami'ar Oxford kuwa, da taurin kanta, ba ta fara ba da digiri na farko a fannin ba sai 1947, shi ma a haɗe da falsafa da ilimin aikin gaɓoɓi. A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen fannin a 1964, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda da taimakon Jami'ar Jihar Michigan aka tsara ta. Manhajar ma daga ƙetare ta zo, kuma a kan irin wannan aro ne masani ɗan Sudan, Malik Badri, ya rubuta littafi a 1979, yana gargaɗin masana Musulmi da kada su haɗiye ra'ayoyin su Freud ba tare da tauna ba.