Daga Kirari Zuwa Maki: Ta Yaya Ake Sanin Gwanin 'Yan Kokawa?

A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka a birnin Kano, ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya sa kuɗi wuri 2,000 don a yi masa wasa ya gani. Mahauta ne suka fito. Abin da ya rubuta ya nuna yadda fage yake a lokacin: kiɗa, kirari, taron jama'a, sai ƙarti biyu a tsakiya. Babu sikeli, babu agogo, babu mai riƙe da takarda. Dambe ya gani, amma tsarin tantance gwani ɗaya ne da na ƙanwarsa kokawa, kuma haka ya daɗe a cikin ganuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

To ya ake sanin waye gaba? Da kaye. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, 'yan kokawa kan bi gari-gari. Wanda ya kayar da gwanin wani gari ya ɗauke masa suna, makaɗa su sa abin a kiɗa, labari ya bi 'yan kasuwa har ya iso Kurmi. Makaɗi shi ne ma'ajin tarihi. Kada a raina wannan tsari, domin yana da ka'idarsa: darajar nasara tana bin darajar wanda ka kayar. Ka kayar da yara goma, ba wanda zai waiwaye ka; ka kayar da sarkin fage sau ɗaya, an san ka ke nan. Rauninsa kuwa a fili yake. In Audu ya kayar da Bala, Bala ya kayar da Sani, Sani kuma ya juyo ya kayar da Audu, wa za a ce gwani? Sai gardamar bakin kasuwa, wadda ba ta ƙarewa.

Ƙasar Hausa ta fara ganin amsa a hukumance daga Nijar. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tahoua, Yacouba Kantou na Maradi ya ɗauki takobi. Filin kokawar Maradi sunansa yake ɗauke da shi har yau. Yanzu jihohi 8 ne ke kawo 'yan kokawa 10 kowacce, mutum 80 ke nan. Jiha na karawa da jiha, kullum ana ƙidaya waɗanda ba a kai ƙasa ba, adadinsu na raguwa har a kai ga biyun ƙarshe. Ba ruwan takobi da nauyin jiki, ba ruwansa da abin da ka yi bara. Ko Issaka Issaka na Dosso, da ya ɗauki takobin sau 6, in an dawo sabuwar shekara daga tushe yake farawa kamar kowa.

Kokawar Olamfik wata hanya ta bi. Hukumarta ta duniya, da aka sani da FILA, ta shafe shekaru tana haɗa 'yan wasa ta hanyar ƙuri'a zalla. Sakamakon haka gwanaye biyu mafi ƙarfi kan iya haɗuwa tun zagayen farko, wasan ƙarshe ya zo lami. A Fabrairun 2013 shugabannin kwamitin Olamfik suka ba da shawarar a cire kokawa daga wasannin 2020. Hankali ya tashi. Aka canza shugaba, Nenad Lalović na Sabiya ya hau, aka gyara dokoki, a Satumbar shekarar aka mayar da wasan. A 2014 hukumar ta koma United World Wrestling, a 2018 kuma ta fara jerin gasannin tara maki.

Ga yadda abin yake aiki. Maki na fitowa ne daga wurare ƙayyadaddu: gasar duniya da Olamfik su ne masu tsoka, sai gasar nahiya, sai wasu gasanni huɗu a shekara da hukumar ke zaɓa, waɗanda aka sha yi a birane irin su Zagreb, Roma, Istanbul da Budapest. Matsayin da ka ƙare a kai shi ke yanke makinka, sannan akwai ƙari gwargwadon yawan waɗanda suka shiga ajinka, don cin mutum 20 ya fi cin mutum 5. Makin na ajin nauyi ne: in ka bar kilo 57 ka koma 62, ba za ka tafi da shi ba. Kuma yana tsufa, sabuwar gasa na goge na tsohuwa.

Amfaninsa fa? Mutane da yawa na ɗauka da shi ake samun gurbin Olamfik. A'a. Gurbi ana cinsa ne a kan tabarma, a gasar duniya ko gasannin share fage, inda ake haɗa Afirka da yankin Ostireliya wuri guda. Aikin maki shi ne raba gwanaye a jadawali: na ɗaya a wannan ɓari, na biyu a wancan, ta yadda ba za su gamu ba sai a ƙarshe. A Tokiyo mutum 4 aka ware haka, a Paris a 2024 aka kai 8 cikin 16. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda a kokawar Olamfik wanda aka kayar ba ya samun damar neman tagulla sai in wanda ya kayar da shi ya kai wasan ƙarshe.

A nan ne nake ganin tsarin ya gaza na makaɗa ta fuska ɗaya. Bai tambayar wa ka kayar, matsayi kawai yake dubawa. Yana kuma auna aljihu tare da ƙarfi: wanda ƙasarsa ta iya biya masa jirgi da biza zuwa Turai sau uku a shekara zai tara maki, wanda ya fi shi ƙarfi amma ba kuɗin tafiya ya zauna a ƙasan jeri. Kuma maki ba ya kokawa. Odunayo Adekuoroye ta je Tokiyo tana cikin na gaba-gaba a kilo 57, tana kan gaba da tazara mai yawa a wasanta na farko, sai Anastasia Nichita ta Moldoba ta danne ta, wasa ya ƙare. Blessing Oborududu ce ta dawo da azurfa a kilo 68, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa.

Kokawar gargajiya ma ta fara shiga sikeli. A gasar ECOWAS, wadda Abuja ta karɓa a Maris na 2025, an raba 'yan wasa aji biyar: kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Sai dai makin United World Wrestling na salon Olamfik bai san da kayen da aka yi a kan yashi ba. Matashin da ke kayar da kowa a bayan Dala, in yana son sunansa ya shiga wancan jeri, sai ya koyi kokawar tabarma, ya ci gasar ƙasa, a zaɓe shi cikin tawagar Najeriya, sannan a samu kuɗin kai shi gasar Afirka.